Numfashin Rijiya

Ginar rijiya gadonta na yi, amma ba ta wajen uba ba. Mahaifina manomi ne a Babankatami, hatsi da dawa kawai ya sani, kuma bai taɓa yarda ƙafarsa ta sauka ramin da ya fi tsayinsa ba. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne magini. Shekarar da fara ta cinye gonaki, lokacin gemu bai gama tsiro mini ba, ya zo ya ce wa mahaifina ya ba shi ni, ko ba komai an rage baki ɗaya a kan tukunya. Haka na bi shi, kuma ban rabu da igiya ba sai da gwiwoyina suka ƙi.

Mu uku ne a aikin: Kawu, da ni, da babban ɗansa, wato taubashina, wanda ya girme ni da ƴan watanni. Da an gama kaka an cika rumbuna sai mu ɗaura dagi da kwanduna da igiyoyi a kan jaki mu kama hanya. Wata shekara mu yi wajen Buza, wata mu hau duwatsun Keita, wata mu gangara har kusa da Madawa. Duk garin da ya kira mu shi ke ciyar da mu. Da hantsi a kawo fura, da yamma tuwo, mazan gari kuma su ne ke kwashe ƙasar da muka fitar. Idan ruwan shuka ya kusa, mu koma gida mu zama manoma kamar kowa.

Mutane kan tausaya wa maginin rijiya, ni kuwa ban ga abin tausayi ba. A tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa a sama, ni ina can ƙasa cikin sanyi, babu ƙuda, babu mai aike na. In na ɗaga kai sai in ga sama ta koma kamar faifai, da kan taubashina a gefenta. Na san ƙasar Adar daki-daki fiye da masu gonakinta: jar ƙasa, sai tsakuwa, sai yumɓu mai santsi, sai farin dutsen nan mai cin bakin dagi. Kuma har yau ban shaƙi ƙanshin da ya kai na ƙasar da ta fara jiƙa ba, ranar da mutum ya san ruwa na kusa.

Kawu ba mai yawan magana ba ne, amma yana da abubuwan da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Igiya ba ta barin ƙugun wanda ke ƙasa, ko da ramin bai wuce gaba biyu ba. Kafin mutum ya sauka, sai an kunna fitilar mai an ɗora ta cikin ƙwarya an zura har gindin rijiya. In ta ci gaba da ci, a sauka. In harshenta ya ƙanƙance ko ta mutu, sai a ɗaure rassan sabara a igiya a yi ta jefawa ana jawowa, har iskar sama ta gauraya da ta ƙasa. Yakan ce rijiya tana numfashi kamar dabba. Da sanyi tana shaƙa, da bazara kuma, in hadari ya fara haɗuwa, tana fitar da tsohuwar iskar da ke kwance cikin dutse, wadda ba ta ciyar da wuta, ba ta ciyar da mutum.

Akwai kuma abin da yake yi da farce. Duk wanda zai sauka, ko ya fito, Kawu zai kama babban yatsansa ya danne farcen da ƙarfi har ya yi fari, sa'an nan ya saki ya zuba ido. In jan ya komo nan take, sai ya saki hannun. In kuwa ya tsaya yana rarrafowa daga gefe, ko farcen ya yi shuɗi-shuɗi kamar na marini, sai ya jawo leɓen ƙasa ya duba cikinsa, kuma ranar mutum ya gama shiga rami ke nan. Na taɓa tambayarsa abin da yake nema. Ya ce jini yake tambaya, domin baki yana ƙarya, musamman bakin saurayi, amma jini in ya ji yunwar iska daga yatsu yake fara gudu.

Taubashina bai shiga rijiya ba sai sau ɗaya. Tun yana ƙarami yana fama da amosani. In sanyi ya shigo, ko ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, sai ƙasusuwansa su kama ciwo har ya riƙa cizon zane, idanunsa kuma kullum da ɗan rawaya a ciki. Ranar da ya matsa sai ya sauka, ya yi ɗan lokaci a ƙasa ya fito yana dariya, amma kafin la'asar yana birgima, ya kwana bakwai bai taka ba. Daga nan Kawu ya yanke: nasa aikin bakin rijiya ne. Ya kuwa iya shi. Da tafin hannu yake jin ko ina sara, ko ina hutawa, ko na sunkuya cika kwando.

Wanda ke ƙasa ba a barin shi ya yi shiru, wannan ma ƙa'idar Kawu ce. Mu kam ba mu sha wahalarta ba, tun da taubasai ne. Daga safe har yamma zagi muke yi. Shi ya ce ni bawansa ne da ubansa ya tsinto, ni in ce ai bawa ne ke tsayuwa cikin rana yana riƙe wa ubangijinsa igiya. Matan da ke wucewa sukan tsaya su saurara, har wasu su sa baki.

Abin da nake son in faɗa ya faru ne a shekarun da Turawa ke yaƙinsu, lokacin da tufafi suka yi wuya har na koma gina da warkin fata a ƙugu. Wani ƙauye ne a ƙasar Karofane, a kan tudu, wanda matansa ke tashi da asuba su gangara kwari neman ruwa, ba su dawowa sai rana ta take. Garin mahaifiyar matata ne, don haka a wannan shekarar ta biyo mu da ɗiyarmu a goye, ta sauka gidan kakanninta. Mun so aikin nan ƙwarai. Mutanen gari ba su bar mu da yunwa ba ko sau ɗaya, ga shi kuma tuwon matata nake ci.

Akwai wata tsohuwa a garin, daga gidajen Azna na da, masu bin addinin gargajiya. Ƴaƴanta da jikokinta duk suna salla, ita ma tana yi, amma ranar da muka fara sara sai da ta zo ta zuba ruwan gumba a wurin, tana magana ƙasa-ƙasa. Kawu bai hana ta ba, bai kuma taya ta ba. Ya ja gefe ya yi bisimillarsa. Daga baya suka saba. Takan kawo masa ɗan goro in ta samu, ta zauna a gindin gawon da ke kusa tana kaɗi, tana gaya masa cewa wurin da ya zaɓa daidai ne, kakanta ma can ya nuna.

Farin dutse ya riƙe mu fiye da yadda muka zata. Sanyi ya wuce, rani ya yi nisa, bazara ta shigo muna kai, mun haura gaba ashirin. Kawu ya fara maganar mu rufe bakin rijiya da itace mu dawo bayan kaka. Ni ban so ba, domin kwana biyu ke nan ƙasar da nake cikowa tana manne wa kwando.

Ranar da abin ya faru, da safe mun zura fitila ta ci lafiya, na yi aiki har rana ta take na fito. Bakin dagi ɗaya ya lanƙwashe, Kawu ya ɗauka ya tafi wurin maƙeri a ƙauyen da ke gaba, ya ce mu jira shi. Bayan azahar zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi, gabas kuma ta fara yin duhu. Na dubi hadarin na ga in ruwa ya sauka aikin bana ya ƙare. Na ɗauki ɗayan dagin na ce wa taubashina ya kama igiya.

Ya ce in bari a kunna fitila tukuna. Na ce mai ya kusa ƙarewa, kuma ai da safe mun gwada. Ya ce safe daban, yanzu daban. Na ce masa tsoro halin bayi ne. Ya yi tsaki ya duba ƙullin ƙuguna sau biyu, ya sake ni.

Da na isa ƙasa ban ji komai ba sai daɗin sanyi. Na yi sara kamar goma, sai bakin dagi ya shige wata tsaga ya kusa kuɓuce mini. Na ji wani sanyi yana fitowa daga tsagar yana lasar ƙwaurina. Murna ta kama ni, na ɗauka ruwa ne ke bisa hanya. Na durƙusa na fara yaye tsakuwa da hannu, fuskata kusa da ramin.

Mutane kan zaci wanda iska ta yanke wa yana shaƙewa ne, yana kokawa. Ni dai ban ji haka ba. Hamma na fara yi, ɗaya bayan ɗaya. Numfashina ya yi sauri, zuciyata na bugawa a kunne, amma raina fes, har wani nishaɗi nake ji. Na cika kwando na zo ɗaure shi, sai yatsuna suka ƙi. Ina kallonsu, ina umartarsu, suna abin da suka ga dama kamar na wani ne aka ara mini. Na ƙulla igiyar ta warware, na sake ta warware, abin ya ba ni dariya.

Daga sama na ji muryar taubashina.

"Bawana, ka iske kakanninka gara can ƙasa? Gaishe min da su."

Na ji shi sarai. Amsa ma ta zo mini, mai kyau, kuma har yau ina jin kamar na faɗe ta. Shi ya ce ko tari bai ji ba. Ya sake jefo wata, wadda ya san ba na bari ta wuce: ya ce matata ta aiko a gaya mini ta gaji da mijin da ke kwana cikin rami, shi za ta koma wa. Nan ma shiru. Ya ce a lokacin ne ya ji igiyar ta yi nauyi iri na buhu.

Sauran labarin daga bakin mutane na ji shi. Taubashina ba shi da ƙarfin jawo ni shi kaɗai, kuma mazan gari duk suna gona suna sharar bazara. Ya naɗe igiyar a jikin gungumen da muka gitta a bakin rijiya, ya ƙwala wa matan da ke sussuka a bayan gari kira. Suka yar da taɓare suka sheƙo, matata a gaba. Wani dattijo da ya iso ya fara tuɓe riga zai sauka, taubashina ya tare shi da ƙirji.

"Baba, in ka shiga, mutum biyu za mu ja. Kama igiya."

Suka jera kamar masu jan guga da sa, suka yi ta tafiya da igiyar a bayansu, shi kuma ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya yana kare ni daga bango gwargwadon iyawarsa, yana gaya musu su yi sannu ko su ƙara. Duk da haka dutse ya yagi kafaɗata da ƙwaurina, igiyar kwando kuma ta naɗe mini hannun hagu ta matse shi har aka fito da ni.

Na farka a gindin gawo. Abin da na fara gani shi ne ƙafafuna a kan cinyar matata, tana murza su da hannu biyu, ba ta kuka, ba ta kallon kowa. Tsohuwar nan na riƙe da hannuna tana hura masa iskar baki. An ce leɓɓana sun yi kamar toka da aka cuɗa da shuni, hannuwana kuma sanyi kamar gindin randa, a cikin wannan zafin. Mutane sun kewaye ni, kowa na faɗin abin da za a yi. Wani ya ce a turara mini barkono, wani ya ce a kira malam.

Sai ga Kawu da dagi a kafaɗa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya durƙusa ya kama yatsana ya danne farce ya saki. Ni ma ina kallo. Farcen ya yi fari, ya zauna a haka. Muna ta jira, sai can wani launi mai duhu ya fara shigowa daga gefe, a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Kawu ya sa aka ƙara ɗaga ƙafafuna, aka kwance warkin da ke ƙuguna, ya miƙe ya ce wa mutane su ja baya su ba ni iska.

Tsohuwa ta ce ai iskar ce ta kama ni, ta gidan ƙasa, an taɓa mata ƙofa ba a yi sallama ba.

Kawu ya ce, "Inna, wagga ba wadda ta kama shi ba ce. Wadda ya rasa ce."

Ta ce ko wacce ce, ita dai gobe za ta zo da gumbarta. Ya ce ta zo.

Komowar jini ta fi tafiyarsa ciwo. Da farko kamar tururuwa ke yawo a tafin ƙafata, sa'an nan ya koma kamar ana soka mini ƙayar aduwa a kowane yatsa. Na buɗe tafin hannuna ina kallo: nan ja, nan fari, can shuɗi, kamar ƙyallen da rini bai kama daidai ba. Wurin da ya yi ja sai ya sake kwashewa, wanda ya yi fari ya ɗauka. Ya daɗe yana haka, yana zuwa yana komawa, kafin ya zauna. Kaina kuwa kamar ana daka a ciki, har kwana huɗu.

Hadarin nan bai zubar da ko ɗigo ba, iska ce ta taso ta watsa shi. Kafin magariba kuma ciwon taubashina ya tashi, saboda gudun da ya yi da jan da ya yi. Aka shimfiɗa mana tabarmi biyu a zauren gidan surukaina. Kwana huɗu muna kwance kafaɗa da kafaɗa, ni da ciwon kai, shi da ciwon ƙashi. In ya ɗan lafa masa sai ya juyo ya ce yanzu kam babu gardama, tun da shi ya tsamo ni daga rami, ni dukiyarsa ne. Na ce wanda ya tsamo guga ba shi ke da rijiya ba. Matata in ta kawo kunu takan tsaya a ƙofa ta ce da ta san haka za mu ishe ta da surutu da ta bar igiyar. Ban gode masa da baki ba, shi ma bai nema ba. Tsakaninmu ba a yin wannan.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Washegarin ranar da aka tsamo ni ya sa aka tallabo ni zuwa bakin rijiya, ya kunna fitila ya zura. Muna kallonta tana sauka tana ci, har ta kai wajen gaba uku kafin gindi. Sai harshen ya yi ƙasa, ya koma shuɗi, ya mutu, ba tare da ko kaɗawa ba. Ya jawo ƙwaryar ya miƙa mini, ya ce in riƙe, ya tafi saran sabara. Wannan ya fi mini bulala.

Kwana biyar ana jefa rassa ana jawowa, safe da yamma, matasan gari na karɓa-karɓa. Da fitila ta yarda ta ci a ƙasa, Kawu ne ya sauka da kansa, duk da shekarunsa. Ya liƙe tsagar da yumɓu, ya yi sara kaɗan ya fito. Haka muka koma yi, da sassafe kawai, kowa ɗan lokaci, fitila na ci a gefe a cikin wani gurbi da muka sassaƙa a bango. Ni sai da na yi kwana goma kafin ya bar ni. Yatsu biyu na hannun hagu, inda igiya ta matse, sun daɗe ba su koma daidai ba. Da na sa su a ruwan alwala da asuba sai su yi fari su mutu. Matata takan ɗumama rairayi a kasko ta tusa hannuna a ciki, ta shafe shi da man shanu. Ciwon ƙwaurina ma ya ƙi rufewa da wuri, sai da aka kusa noman fari.

Ruwa ya fito ranar wata Laraba da hantsi, ina ƙasa. Ba tsartuwa ya yi ba, tsattsafowa ya yi daga gefen arewa, ya taru a sawun ƙafata. Na cika ƙoƙo na aika sama. Aka ba tsohuwa ta fara sha, ta miƙa wa liman, shi ma ya sha ya yi addu'a. Matan gari suka yi guɗa, aka yanka akuya. Bayan kwana shida ruwan sama ya sauka, muka ɗaure kaya muka yi gida da sauri don kada shuka ta wuce mu.

Bayan kakar wannan shekarar aka aiko daga Madawa ana neman magina su yashe wata tsohuwar rijiya kusa da gidan likita. Can muka haɗu da wani anfirme, wato ma'aikacin jinya, mutumin Dahome, gajere mai tabarau, wanda Hausarsa ke tafiya da ɗingishi amma ba ta faɗuwa. Yakan fito ya tsaya yana kallon aikinmu in marasa lafiya sun ragu. Ranar da ya ga Kawu ya danne mini farce, ya matso ya tambayi wanda ya koya masa. Kawu ya ce wanda ya koya masa gina. Anfirme ya yi dariya, ya ce lokotoro, wato likitan da ya koyar da su, haka yake yi wa wanda ya zubar da jini da yawa.

Taubashina ya ba shi labarin abin da ya same ni, da ƙarin gishiri. Anfirme ya saurara, ya duba yatsuna, sa'an nan ya ce in biyo shi. Ya shigar da ni wani ɗaki mai warin magani, ya soki kan yatsana da allura, ya shafa ɗigon jinin a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin wani madubi mai bututu da suke neman ƙwayar zazzaɓi da shi. Ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko haske kawai na gani. Da ya murɗa wani abu, sai ga ƴan ƙwayoyi birjik, zagaye-zagaye, sun fi hatsin da ke cikin rumbu yawa. Na ɗaga kai na dubi ɗigon, na sake leƙawa. Na ce masa duk wannan a cikina yake? Ya ce wannan ɗigo ɗaya ne.

Ya ce su ne ke ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa su kai ta ko'ina a jiki. Jijiyoyin da nake gani a bayan hannuna manyan hanyoyi ne. Daga su akwai ƙanana, daga ƙananan akwai waɗanda suka fi gashi siranta, inda ƙwayoyin nan ba su iya wucewa sai ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga ban kama ba, sai ya ja ni taga ya nuna mini lambun albasa da ke gangare. Ya ce in dubi mai ban ruwa: in rijiya na da ruwa, kowane fangali yana samu. In ruwa ya ja baya, sai ya toshe hanyoyin fangulan nesa ya bar na kusa. Haka jiki ke yi in iska ta yi ƙaranci, yana rufe hanyoyin yatsu da fata don kai da zuciya su samu. In abin ya daɗe kuma, masu tsaron hanyoyin sukan ruɗe, wannan ta buɗe, waccan ta rufe, jini ya yi ta tsayawa yana cunkushewa, shi ya sa na ga tafin hannuna dabbare-dabbare. Ya ce da na ƙara ɗan lokaci a ƙasa, da na kusan ma sun bushe.

Na tambaye shi ciwon taubashina. Ya fito ya duba idanunsa, ya danna cikinsa. Ya ce gaskiya bai san sunan abin ba, amma ya ga irinsa a garinsu, kuma duk wanda ya hana shi shiga rami ya yi masa gata. Sai bayan shekaru masu yawa wata jikata da ta yi karatun aikin likita ta gaya mini cewa masu amosanin jini ƙwayoyinsu ne ke lanƙwashewa kamar lauje in iska ta yi musu kaɗan, su maƙale a ƴan hanyoyin nan. Lokacin Kawu ya daɗe da rasuwa.

Anfirme ya so Kawu ma ya leƙa madubin. Kawu ya tambaye shi ko yana nuna inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce a'a. Kawu ya ce to a bar wa yara, ya koma kan igiyarsa. Amma da za mu tafi ya sa aka kai wa anfirme zabo biyu, shi kuma ya cika mana kwando da albasa da ɗan kwalban man fitila.

Daga wannan shekarar ba mu ƙara barin bazara ta same mu a rami mai zurfi ba. In gabas ta fara duhu, ko ƙasa na manne wa kwando, sai mu rufe mu tafi. Kawu ya yi ƴan shekaru ya ajiye dagi, ya koma kiwon tumaki a bayan gida, aikin ya dawo hannuna da na taubashina. Mutane sun sha cewa taubashina ba zai yi tsawon rai ba, amma sai da ya aurar da ƴaƴansa mata uku, ya ga jikoki, kafin wani sanyi ya tafi da shi. Bayansa na ɗauki masu riƙe igiya da dama, mutanen kirki, sai dai da su waƙa nake yi a ƙasa don su san ina nan.

Na sake bi ta ƙauyen nan da tsufana, a kan hanyar cin kasuwar Karofane. An ɗaure bakin rijiyar da siminti, igiyoyi sun ci gungumen har sun yi masa rami-rami. Wata yarinyar mace na jan ruwa, na roƙe ta ta ba ni. Ba ta san ni ba, ni ma ban gaya mata ko ni wane ne ba. Ta miƙo mini ƙwarya ta ce in yi haƙuri, ruwansu na da ɗan ɗanɗanon kanwa, amma wake ba ya daɗewa a kan wuta da shi. Na sha na ƙoshi, na ba jakina sauran, na yi mata godiya, muka kama hanya don kada kasuwa ta watse.